Mutanen Maruta Sun Ce Sun Ƙoshi

Ba zan taɓa mantawa da yinin da aka sa ranar auren yayata ba, kuma ko na so in manta, 'yan gidanmu ba za su bar ni ba. Har yau in na miƙa wa wani ruwa a gidan nan, sai ya riƙe kofin gam ya ce, "Manaja, ban ƙoshi ba tukuna, kada ka ɗauke." Sai a kwashe da dariya. Ni ma ina yi, ya zan yi? Amma wallahi can ƙasan raina abin bai daina sukata ba.

Lokacin na gama shekarar farko a jami'a, ina karanta fannin kula da baƙi da tafiyar da otal. Ba shi na nema ba, shi aka ba ni, amma kafin a je ko'ina ya shiga raina. Wanda bai shiga ransa ba shi ne Baba. Baba ɗan kasuwar hatsi ne, rumfarsa tana kallon tasha a nan Birnin Kudu, kuma tun ranar da na yi masa bayanin karatun yake min wani irin kallo.

"Wato sai ka je jami'a," in ji shi, "sannan za ka iya ce wa baƙo sannu da zuwa?"

A rumfa in abokansa suna zancen 'ya'ya, wannan nasa likita zai zama, wancan injiniya, aka juyo aka ce, "Alhaji, naka fa?" sai ya ce, "Yana dai can." Shi ke nan, sai ya sako zancen farashin dawa. Da na dawo dogon hutu kuwa bai ɓoye min ba. Ya ce kaka ta zo, yana buƙatar mutum a rumfa, kuma in hutun nan ya ƙare shi bai ga dalilin da zai sa in koma ba.

Tun daga nan na kasa zaune na kasa tsaye. In shiga ɗaki, in fito, in buɗe littafi, in rufe. Abinci ma ba ya min daɗi. Ina ta neman hanyar da zan nuna wa Baba cewa karatun nan ba wasan yara ba ne, sai ga labari: dattawa za su zo daga Maruta ta ƙasar Gwaram, sa ranar auren Yaya Hauwa. Ita ce 'yar fari, Baba ko sunanta ba ya faɗa, balle ya zauna a yi maganar aurenta a gabansa. Ya damƙa komai a hannun ƙanensa, Baffa Sale, ya ce shi ran nan a rumfa zai yini. Na ce a raina, to ga dama ta samu. Baba ba zai gani da ido ba, amma zai ji a bakin surukai.

Na sami Inna tana tsince shinkafa. "Inna, ki bar min baƙin nan."

"In bar maka su ka yi yaya da su?"

"Ke dai ki dafa. Sauran aikin nawa ne."

"Wane saura kuma? Ka kai, ka ajiye, ka fito. Shi ke nan fa."

"Haba Inna, ai wannan tsohon yayi ne." (Allah ya yafe mini. Matar da ta fi shekara ashirin tana ciyar da baƙin Baba na kalli idonta na faɗa wa haka.)

Bari in gaya muku inda na samo ƙarfin gwiwa. Muna da wata malama a makaranta, Madam kawai muke ce mata, ita ke koya mana yadda ake hidimar tebur. Mace ce mai tsare gida, in ta yi magana ko tari ba ka yi. Ta dasa mana wasu ƙa'idoji a ka har muna iya karanto su cikin barci. Kada ka bar baƙo shi kaɗai, ko da yaushe ya ɗaga kai ya gan ka. Ka kalle shi cikin ido, ka yi murmushi. In ya ce ba ya so, kada ka matsa masa, kuma kada ka bar abin da ya ƙi a gabansa. A jarrabawar gwaji ni na fi kowa maki, har Madam ta nuna ni ta ce a yi koyi da ni. Kaina ya kumbura tun daga ranar, bai kuma saɓe ba sai a tashar Birnin Kudu.

Ana gobe za su zo na shiga rawar jiki. Na naɗe tabarmi da dardumar ɗakin baƙi na fitar. Na aro tebura da kujerun roba a makwabta, na rufe teburan da fararen zannuwan gadon Inna (ba ta sani ba sai daga baya). Na jera farantai, kowanne da cokali da cokali mai yatsu da wuƙa, alhali tuwo za a ci. Na naɗe adiko kamar mafici na tsayar da shi a kowane kofi. Buta da kwanon wanke hannu kuwa na tura su bayan ƙofa, wai suna ɓata tsari. In gyara wannan, in koma baya in kalla, in dawo in sake gyarawa.

Sai kuma shigar da na yi ran zuwansu. Baƙin wando, farar riga, baƙar falmaran, da ɗan ƙaramin lakatayen nan mai kama da malam-buɗe-littafi maƙale a wuya. Farar safar hannu ma sai da na aro wurin wani abokina ɗan agaji. Ina gilmawa ta tsakar gida Yaya Hauwa ta leƙo ta taga, ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Manaja," in ji ta, "don girman Allah kada ka yi gwaji da aurena."

Na ce ta kwantar da hankalinta, mutanen Maruta za su ga abin da ba su taɓa gani ba. To, a nan kam ban yi ƙarya ba.

Sun iso gab da azahar, su biyar har da direba. Tun da sassafe suka baro gida, taya ta fashe musu a hanya, sun sha rana sun gaji, leɓunansu duk sun bushe. Jagoransu Malam Ilu ne, baffan ango, wani siririn tsoho mai farin gemu da ba ya ɗaga murya. Aka yi salla, aka zauna a zaure da Baffa Sale, aka miƙa goro da alewa, aka tsayar da rana, aka shafa fatiha. Komai lafiya lau. Sai Baffa ya ce, "To, ku shiga daga ciki ku sha ruwa," ya nuna musu ɗakin baƙi, shi kuma ya saɓa babbar rigarsa ya fice ƙofar gida, kamar yadda duk mai hankali yake yi.

Ni ban fice ba. Ina tsaye a bakin ƙofa, adiko a kan hannu.

Suka tuɓe takalma suka shigo, suka tsaya cirko-cirko suna neman tabarma. Ɗaya har ya fara durƙusawa zai zauna a ƙasa, na yi wuf na ja masa kujera. Da ƙyar dai kowa ya ɗosana. Can gefe na jera kulolin Inna a kan dogon tebur, na buɗe su: tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, farfesun kaji, ga fura da nono a babbar ƙwarya. Ƙamshi ya cika ɗakin. Tun asuba mata suke kan murhu saboda wannan abincin.

Na gyara murya na yi jawabin maraba (eh, har jawabi na shirya). Na rufe da cewa, "Yanzu kowa sai ya ɗauki farantinsa ya taso, ya zaɓi abin da ransa yake so."

Ba wanda ya motsa.

Ku duba min fa. Dattijo da gemunsa, ran da ya fara taka gidan surukai, wai ya miƙe da faranti a hannu ya bi layi yana leƙa tukunya. Ko a lokacin sai da na ji wani abu ya ɗan taɓa ni, amma na ce ba komai, an koya mana abin yi in baƙo bai saba da wannan tsari ba. Sai ka je ka same shi. Na nufi Malam Ilu, na ranƙwafa, na zuba masa ido cikin ido, na buɗe haƙorana gaba ɗaya.

"Baba, me za a zuba muku? Akwai tuwo, akwai waina, akwai farfesu."

Tsohon ya kawar da kai ya kalli silin. "A'a, ɗan nan. Alhamdu lillahi, mun ƙoshi."

Na matsa wurin na kusa da shi. "A ƙoshe muke, samari." Na gaba ma haka. Direban ne kawai ya ɗan yi jim, idonsa a kan farfesu, sannan ya haɗiye yawu ya ce shi ma alhamdu lillahi.

To a nan ne abin yake ba ni haushi har gobe. Ni ba baƙo ba ne a garin nan. A nan aka haife ni. Ni kaina sau nawa na je gidan mutane da yunwa kamar ta kashe ni, aka kawo abinci na ce na ƙoshi, ina jira mai gida ya ba da baya in buɗe kwano? Na san wannan kamar yadda na san sunana. Wata zuciyar tana ce min, kai, fita ka ja musu ƙofa. Amma ɗaya zuciyar da muryar Madam take magana, kuma ita ke ba da maki. Sai na koma jikin bango na tsaya ƙiƙam, hannu a baya, ina ta murmushi.

Wani ya ciro carbi. Wani ya shiga karanta kalandar bango kamar za a yi masa tambaya a kai. Cikin wani ya yi ƙugi, kowa ya ji, kowa ya yi kamar bai ji ba. Ni kuma gumi yana bin bayana a cikin falmaran, in matsa nan in gyara cokali, in matsa can in gyara kofi. Kumatuna har sun fara ciwo saboda murmushi.

Can sai Malam Ilu ya yi gyaran murya. Bawan Allah, ya so ya taimake ni.

"Ɗan nan, ba ka da wani aiki a cikin gida?"

Na dafa ƙirji da safar hannuna. "Ai ku ne aikina yau, Baba. Ba inda za ni."

Ya ce, "Madalla."

Na sake zagayawa na tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Amsar ba ta canza ba, ta yaya za ta canza ina tsaye a kansu? Sai na tuna ƙa'ida ta ƙarshe: kada ka bar wa baƙo abin da ya ƙi a gabansa. Jama'a, na rufe kulolin nan. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ina ratsawa ta gabansu, ina kai wa ɗakina da ke jikin zaure. Da na ɗauki ta farfesu, idon direba ya raka ni har bakin ƙofa. Furar ma ban bari ba.

Kuma ban tsaya nan ba. An koya mana yadda ake rufe hidima, ni kuma ba na aiki rabi da rabi. Na dawo da ɗan faranti, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙa musu tsinken sakace. Mutanen da rabonsu da abinci tun kokon safe! Malam Ilu ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ƙare masa kallo, ya maƙala a gefen baki.

Da suka fito, Baffa Sale ya taso daga inuwa ya ga tsinke a bakin tsoho, sai ransa ya yi fari. "A yi haƙuri da ɗan abin da aka samu," in ji shi.

"Haba, ai an yi hidima," in ji Malam Ilu. "Mun ga hidima."

Suka shiga mota suka tafi. Ni kuwa na nufi cikin gida ina taku ɗai-ɗai, ina jin kaina kamar wanda ya ciyo kofi. Inna tana zaune da matan makwabta, ta tare ni da fara'a.

"Yaya, sun ci sosai? Miyar ta yi?"

"Ai sun ce sun ƙoshi."

"Na sani. Bayan ka fito fa?"

"Ban fito ba."

Fara'ar ta ɗauke. "Ba ka fito ba? To abincin yana ina?"

"Yana ɗakina. Tunda ba sa so, ai sai na kwashe."

Inna ta ɗora hannu biyu a ka ta saki salati. Matan makwabta suka kama. Daga cikin ɗaki na ji Yaya Hauwa ta fashe da kuka tana cewa, "Sai da na faɗa! Sai da na roƙe shi!" Ni kuma ina tsaye da lakataye ina ƙoƙarin yi musu bayanin ƙa'ida, muryata tana ƙara ƙanƙancewa. Ban kai ƙarshe ba wayata ta yi ƙara. Baba ne. Baba bai cika kirana ba, in yana son magana da ni Inna yake gaya wa.

Bai amsa gaisuwata ba. A hankali yake magana, kuma in Baba ya yi magana a hankali to a gudu.

"Kai. Daga inda nake zaune ina hango surukaina a rumfar mai shinkafa da wake. Yanzun nan na ji ɗayansu ya ce a ƙara masa mai da yaji. Ka kwaso abincin nan ka zo tasha."

Ban ma tuna in cire kayan ba. Na tare adaidaita, muka loda kuloli da ƙwaryar fura, na shige tsakaninsu. Duk ramin da muka faɗa sai miya ta fantsamo, kafin mu isa farar safar nan ta zama ja. Ina ta ce wa mai adaidaita ya yi sauri, can kuma in ce ya yi a hankali, don ban san wanne na fi tsoro ba, in same su ko in rasa su.

Na same su. Suna kan benci su biyar, an naɗe hannun riga, kowa da kwanonsa, ana ta aiki ba mai magana. Tasha kuwa cike take. Ina saukowa wani ɗan kamasho ya ƙwala ihu, "Kai jama'a, jirgin sama ya sauka, ga ma'aikacinsa nan!" Direbobi suka juyo, masu rake suka juyo. Kuma duk tashar nan ba wanda bai san ɗan waye ni ba, ba kuma wanda bai san daga gidan wa dattawan nan suka fito ba.

Na je gaban Malam Ilu na zube a ƙasa. Duk Turancin da Hausar da na tara suka gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, abinci ne."

Tsohon ya siɗe yatsunsa a nutse, ya wanke hannu, ya sa hannu a aljihu ya ciro tsinken nan nawa. Ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Ka ga, ɗan nan, ashe kai mai hangen nesa ne. Ga shi ya yi rana." Ya sa a baki. "Amma yanzu kam, tsakani da Allah, mun ƙoshi."

Tashar ta ɗauki dariya. Direbansu har da ƙwarewa, sai da aka bubbuga masa baya. Na so ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Sai dai wannan karon na san abin yi. Na tashi, na buɗe bayan motarsu, na jera kulolin Inna gaba ɗaya, na ɗora ƙwaryar fura a kujerar gaba, na rufe. Ban tambayi kowa ba, ban kalli idon kowa ba, ban yi murmushi ba. Na juya na kama hanya. Ina tafe na ji muryar tsohon a bayana yana cewa, "A'a, ashe dai yaron ɗan gida ne."

Saura babba. Na tsallaka titi zuwa rumfar Baba. Na same shi ya ja kujerarsa can bayan buhunan masara, inda surukai ba za su hango shi ba. Abokansa kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Na san karatu ya ƙare. Na durƙusa, na ce gara in faɗa da bakina kafin a faɗa min.

"Baba, gobe in sha Allahu zan fara fitowa rumfa."

Ya daɗe yana kallon abin da ke wuyana.

"Wace rumfar? Tawa?"

"Eh, Baba."

"Don mai saye ya zo ya ce masara ta yi tsada shi ya fasa, ka ɗauke buhu ka rufe min shago?" Wani daga cikin abokansa ya toshe baki da hula. Baba bai yi dariya ba. "Koma makarantarka. Ka je ka ƙarasa, ko Allah zai sa a shekara ta biyu su koya muku yadda ake fita daga ɗaki."

Haka na koma jami'a. Abin da na yi ta fafutukar samu da gwaninta, sai ga shi na same shi saboda Baba yana tsoron in kashe masa kasuwa.

Auren dai an yi shi, Yaya Hauwa tana Maruta da 'ya'yanta, ta yafe min amma ba ta daina ba da labarin ba. Kulolin Inna sun dawo bayan 'yan kwanaki, a wanke tas, cike da gyaɗa da riɗi, da saƙon cewa farfesun ya yi daɗi, a gaida Manaja. Daga nan sunan ya bi gari.

Na gama karatun, yanzu ina aiki a wani otal, kuma ƙa'idojin Madam suna ci da ni, ban raina su ba. Amma duk ran da na ga dattijo da babbar riga ya kalli silin ya ce min ya ƙoshi, ba na jiran komai. In ajiye, in tura buta kusa da shi, in ja ƙofa, in yi nisa. Tsinken sakace kuwa, sai na ga ƙashin kaza da idona nake fito da shi.